Kaushin Sauti a Kaset ɗin Dandali

A namu ganin, manazarta waƙar baka sun yi sakaci da kaset ɗin da aka ɗauka a dandali, irin waɗanda aka riƙa kwafa a kasuwannin Nguru da Gashuwa. Ƙugin zare, guɗar mata, kalangu na danne muryar Shata, 'yan amshi can nesa da rikoda: wai duk aibi ne. A ƙasar Nowe kuwa, makaɗan Darkthrone da gangan suka nemi irin wannan kaushi a faifansu na 1994, Transilvanian Hunger. Mu rashin kayan aiki ya ba mu shi. Masu goge hayaniyar da kwamfuta a yau suna korar taron da aka yi waƙar dominsa, har da sanƙiran da ya katse baiti.