Editan da Ke Cin Kasuwa Ɗaya da Masu Karanta Shi

A ƙananan garuruwan Amurka akwai daɗaɗɗiyar al'ada ta jaridar mako-mako, inda mutum guda ne mai jaridar, shi ne edita, shi ne kuma ke yawon neman talla. 'Yan jaridar birni sukan raina ta, su ce ba ta wuce sanarwar aure da haihuwa da rasuwa da farashin amfanin gona ba. A ganina waɗannan ƙananan labarai su ne jarinta, kuma rayuwar Horace Carter ta nuna haka. Carter ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya kafa Tabor City Tribune a 1946, a wani garin manoman taba da dankali a Karolina ta Arewa. A watan Yulin 1950 'yan ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan suka ratsa garin da jerin motoci, fuskokinsu a rufe. Carter ya fito da sharhi yana la'antar su, bai kuwa sassauta ba har shekara kusan uku, ana yi masa barazana, wasu 'yan kasuwa na janye tallarsu. 'Yan ƙungiyar suna fitar da mutane da dare su yi musu bulala, baƙar fata da farar fata. Daga baya hukumar FBI ta shigo, aka ɗaure da yawa, har da shugabansu Thomas Hamilton. A 1953 jaridar ta sami lambar yabo ta aikin jarida ta Pulitzer tare da News Reporter ta garin Whiteville, maƙwabciyarta.

Masu ba da tarihin irin waɗannan editoci sukan ce fagen yaƙi ne ya koya musu jarumta. Wannan bayani ya yi arha, domin cikin waɗanda suka rufe fuska ma ba za a rasa tsofaffin sojoji ba. Abin da kakin soja ya ba Carter shi ne shaida: da wuya a kira wanda ya yi wa ƙasa yaƙi maci amanarta. Sauran nauyin maganarsa daga kusanci ya zo. Wanda ya buga sanarwar auren 'yarka, ya rubuta ta'aziyyar mahaifinka, in ya ce abin da kake yi da dare abin kunya ne, ba ka da damar cewa baƙo ne daga Niyok da bai san garin ba.

Za a ce wannan kusancin shi ne ke rufe baki, tunda baki ya ci, ido kan ji kunya. Gaskiya ne, kuma yawancin editocin jihohin kudancin ƙasar a lokacin shiru suka yi, ko ma suka goyi bayan wariyar launin fata. Sai dai wannan bai rushe hujjar ba, ya nuna tsadar maganar ne kawai, kuma saboda mutanen gari sun san tsadarta suke saurare. Ba kowa ne ya fita da riba kamar Carter ba. Hazel Brannon Smith, mai jaridar Lexington Advertiser a Misisipi, ba ta taɓa sa kaki ba, ta tunkari masu wariya, ta ci Pulitzer a 1964. Tun kafin haka manyan garin suka ƙaurace wa jaridarta, suka kafa wata don su karya ta, bashi ya cinye jaridar da gidanta, ta rasu a 1994 ba ta da komai.