Tsintsiya Da Gishiri: Tsokaci A Kan Fim Ɗin "Paul Tomkowicz"

Wannan ɗan nazari zai dubi wani gajeren fim na gaskiya, mai tsawon kimanin minti 9, wanda Roman Kroitor ya shirya wa Hukumar Finafinai ta Kanada a farkon shekarun 1950. Tauraronsa dattijo ne, Paul Tomkowicz, haifaffen ƙasar Polan, wanda ya yi ƙaura zuwa birnin Winnipeg. Aikinsa shi ne kula da mahaɗar dogo ta jiragen lantarki masu yawo cikin gari. Da dare ya tsala, sai ya fito da fitila da tsintsiya da bokitin gishiri, ya share dusar ƙanƙara, ya barbaɗa gishiri don kada ƙarfen ya daskare.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda mai ɗaukar hoto ya raba duniya biyu. Ga fasinjoji a cikin tarago mai haske da ɗumi, ga kuma Paul a waje cikin duhu, numfashinsa na tashi kamar hayaƙi. Ba mai dubansa, alhali ba domin tsintsiyarsa ba, da jirgin bai kai su gida ba. A cikin wannan kaɗaici yake tuno 'yan uwansa da aka kashe a ƙasarsu, ba kuka ba ƙorafi, sa'an nan ya ambaci ritayar da ke gabansa. Gari na wayewa muka gan shi a gidan abinci, ya tasa burodi da dafaffen ƙwai a gaba.

Sauyin ƙasa bai fito da ƙarfi ba, sai a fakaice. Motocin bas sun fara ture jiragen, kuma a 1955 Winnipeg ta daina amfani da su baki ɗaya. Ke nan sana'ar da mai ita tare suka tsufa.

Sai dai akwai inda muke da ja. Muryar da muke ji ba ta Paul ba ce. Wani ɗan wasa ne, Tommy Tweed, ya karanta kalamansa yana kwaikwayon lafazin baƙo. Ana iya kawo uzurin cewa na'urorin ɗaukar sauti na wancan zamani ba su da inganci, kuma mun yarda. Duk da haka, fim da ya tashi nuna mutumin da ba a gani ya ƙare da ara masa bakin wani. Mai kallon da bai san haka ba zai fita yana zaton Paul ne ya yi masa magana.