Takardar Bango a Ɗakin Amaryar Birnin Kebbi

A da, 'yan jere a Birnin Kebbi da Argungu kwanoni da tasoshi suke jerawa tun daga ƙasa har kusa da rufi, bangon ma ba a ganinsa. Yau takardar bango, wadda 'yan kasuwa ke kira wolfefa, ta karɓi wannan aiki a gidaje da yawa. Sai dai jeren tasa kowace gwaggo ta iya shi, manna takarda mai zane kuwa sana'a ce, kuma har yanzu ba mu ba ta lokacinta ba.

Gwani ba ya kwance naɗi sai ya shafa bango da tafin hannunsa. Duk ƙwayar yashin da ya ji za ta fito a fuskar takarda, don haka sai an yi sikiridin, an goge da samfefa, an bar shi ya bushe sarai. A gidajen da ke gangaren fadamar Rima abin ya fi haka: danshin damina kan hau bango daga tushe, ya fito da farin gishiri. Wanda ya manna a kansa, kafin kaka takarda ta kumbura, fumfuna ta baƙanta bayanta, in kuma gam ɗin na sitaci ne gara ta samu kalaci.

Sai layin farko, inda ake gane mai sana'a. Kusurwar ɗakunanmu da wuya ta miƙe, shi ya sa ba a bin ta. Ana sako igiya mai ɗan nauyi daga sama, a ja layi da fensir, a ɗora fallen farko a kai. In ya karkace ko da kaɗan, kafin a zagayo ƙofa furanni sun fara gangara.

Naɗin da aka saba gani faɗinsa santimita 53 ne, tsawonsa kimanin mita 10. Bango mai tsayin mita 3 yakan samu falle uku, amma in furen babba ne sai a tashi da biyu, domin dole a yi ta jan falle sama har rabin furen nan ya haɗu da ɗan'uwansa, kamar yadda tela ke asarar atamfa don zane ya dace a ɗinki. A nan ake rigima da iyayen amarya, su ga tarin yanke a ƙasa su ce an yi ɓarna. Ba ɓarna ba ce. Ɓarnar ita ce komawa kasuwa a ƙaro naɗi ɗaya mai wata lamba daban, launinsa ya ɗan saɓa, hasken taga ya tona asiri.

Da hunturu gam kan bushe tun ba a daidaita falle ba, sai an rufe tagogi an kashe fanka. Ana gogewa daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita, baki ya taɓa baki ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba. Duk wannan, da gyaran bango, aikin kwanaki ne, mu kuwa sai ana gobe kai amarya muke kiran mai mannawa, kafinta na tsaye a bayansa da allunan gado.