Tarbiyyar Gaggawa: Ƙorafi Ga Muƙaddamanmu

Duk wanda ya tashi a unguwar nan ya san sautin wazifa bayan magariba: a shimfiɗa farin ƙyalle, a yi istigfari talatin, Salatul Fatihi hamsin, hailala ɗari, a rufe da Jauharatul Kamali sha biyu. A kan wannan iyayenmu suka rayu, daga masu aikin reluwe har 'yan kasuwa, a kansa kuma muka binne da yawansu. Don haka maganar da za mu yi ta 'yan gida ce.

Damuwarmu ita ce yadda ake ba da tarbiyya yanzu. Tarbiyya a Tijjaniyya ita ce muridi ya riƙe wasu zikirai ƙarƙashin kulawar malaminsa har Allah ya buɗa masa saninsa, abin da ake kira ma'arifa. Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda ya bayyana Faila a 1929, shi ya buɗe wannan ƙofa ga kowa, malami da ɗan dako, namiji da mace. Bayan haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a hajjin 1937 abin ya kafu a Kano, daga can ya bazu har ya iso mana nan Kafanchan. Buɗe ƙofar alheri ne, ba mu da ja.

Amma fa Shehu bai bar ta haka sakaka ba. Ya kasa addini maƙamai uku, Musulunci, Imani da Ihsani, kowanne da matakai uku. Tuba ce ta farko, sai istiƙama, sai taƙawa. Ma'arifa ita ce ta tara, can ƙarshe. To yau me muke gani? Yaro bai gama Ahalari ba, ƙabli da ba'adi ma na rikita shi, an ba shi lazimi wannan watan, wata mai zuwa ka ji wai "ya isa". Ya isa ina? Uwarsa na fama da shi ya tashi asuba, mai shago na bin sa bashi, shi kuwa yana bakin titi yana fassara wa sa'anninsa fana'i. Dattawan da muka sani, in ka tambaye su abin da suka gani a tarbiyya murmushi kawai suke yi, su ce ka je ka yi naka.

Laifin ba na yaran ba ne kaɗai. Wasu muƙaddamai sun mai da yawan almajirai abin tinƙaho, kowa so yake a ce zawiyarsa ta fi cika ranar zikirin Juma'a. Mai ƙirga kawuna kuwa ba ya da lokacin zama da mutum ɗaya ya ji halin da yake ciki, alhali mai tarbiyya kan shiga ruɗani ya furta abin da shi kansa bai fahimta ba. Da, a ɗakin malam maganar take mutuwa. Yanzu waya na hannun kowa, kafin gari ya waye ta zagaya WhatsApp.

Kuma mu tuna inda muke zaune. Rikicin Maris na 1987 daga wa'azi ya taso a Kwalejin Ilimi ta garin nan, wutar ta kai har Zariya, Funtuwa da Katsina. A Kano ma a 2015 kalaman wani mai jawabi a wurin Maulidi suka jawo aka ƙona kotu, sai da manyan ɗariƙa suka fito suka barranta da shi. Mu da muke katanga ɗaya da coci, masallacin Izala kuma na bayanmu, kalma ɗaya ta yaron da aka saki da wuri ta ishe mu wahala.

Allah ya gafarta malamai, roƙonmu ƙarami ne: kafin a ba yaro zikirin tarbiyya, a kira mahaifinsa, a tambayi limamin layinsu ko ana ganinsa a sahun asuba, a kuma sa shi ya karanta babin tsarki a gabanku.