Kunya da Tausayi a Rayuwar Charles Dickens da Ƙagaggun Labaransa

1.0 Gabatarwa

Galibin manazarta adabin Ingilishi sun ɗauki Charles Dickens (1812–1870) a matsayin marubucin da ya tsaya wa talakawa da marayu, kuma da wannan suna ne ɗalibanmu suka san shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tausayin da ya shahara da shi ya tsiro ne daga wata kunya da ta same shi yana yaro. Ta wannan hanya za a gane dalilin ƙarfin wannan tausayi, a kuma gane inda ya tsaya.

2.0 Tushen Al'amarin

An haifi Dickens a garin Portsmouth ranar 7 ga Fabrairu, 1812. Mahaifinsa, John Dickens, akawu ne a ofishin biyan albashin sojan ruwa, mutum ne kuma mai kashe abin da ya fi samunsa. A shekarar 1824 aka tsare shi a kurkukun Marshalsea da ke Landan saboda bashi. Shi kuwa Charles, yana ɗan shekara goma sha biyu, aka kai shi wata masana'antar man goge takalmi, inda yake liƙa takardu a jikin kwalabe, ana biyansa sule shida a mako. Bayan 'yan watanni mahaifin ya fito, amma mahaifiyarsa ta so yaron ya ci gaba da aikin, abin da bai taɓa yafe mata ba.

Abin lura shi ne yadda ya rufe wannan labari. Duniya ba ta san shi ba sai bayan mutuwarsa, lokacin da amininsa John Forster ya fara buga tarihinsa. A bayanin da ya ba Forster, abin da ya fi yi masa ciwo shi ne a ce yaro mai basira irinsa an jefa shi cikin 'ya'yan leburori. Wato dai ƙasƙancin ya fi yunwar cin ransa.

3.0 Yadda Kunyar ta Fito a Littattafai

A cikin Oliver Twist (1837–1839) Dickens ya soki dokar matalauta ta 1834, wadda ta tara gajiyayyu a gidajen aiki ana ba su tsinkakken kunu. Sukar tana da kaifi, amma a dubi tauraron labarin. Oliver ya tashi cikin marayu, duk da haka bakinsa ba ya furta sai tsabtataccen Ingilishi, daga ƙarshe kuma sai ta bayyana cewa ɗan gidan mutunci ne. Ke nan labarin ya warware ne ta hanyar mayar da yaro ɗaya matsayinsa, sauran marayun kuwa suna nan inda aka bar su. Haka nan, sunan Fagin da ya ba ubangidan ɓarayi, sunan wani yaro ne, Bob Fagin, wanda ya kyautata masa a masana'antar. Ana iya fassara wannan da cewa alherin da aka yi masa a wurin ma tsoro ya ba shi, domin yana iya sa shi ya saba da zaman.

A David Copperfield (1849–1850) ya ɗora wa tauraronsa aikin wanke kwalabe, ya kuma zana mahaifinsa a siffar Micawber, mai bashi da daɗin baki. A Little Dorrit (1855–1857) ya koma Marshalsea kanta. Amma a ganina sai a Great Expectations (1860–1861) ne ya fuskanci kansa sosai. Pip ya sami dukiya, ya shiga jin kunyar Joe, maƙerin da ya rene shi, sannan ya gano cewa kuɗin da yake taƙama da su daga hannun fursuna Magwitch suka fito. A nan kunyar ce kanta ta zama jigo, marubucin kuma ya hukunta ta. Wannan ne ya sa littafin ya ɗara sauran ta fuskar zubi da gaskiyar taurari.

4.0 Iyakar Tausayin

George Orwell, a maƙalarsa ta 1940, ya lura cewa Dickens ba ya neman a sauya tsarin al'umma, gyaran hali yake nema daga masu iko. Za a iya ƙara cewa tausayinsa yakan yi ƙarfi ne gwargwadon yadda ya hango yaron masana'antar nan a jikin wanda ake zalunta. Inda bai hango shi ba, sai zuciyar ta bushe.

Misali na farko yana cikin gidansa. Ya auri Catherine Hogarth a 1836, ta haifa masa 'ya'ya goma. A 1858, bayan ya haɗu da 'yar wasan kwaikwayo Ellen Ternan, ya rabu da matar, ya kuma buga bayani a mujallarsa yana wanke kansa. Wasiƙun da Farfesa John Bowen ya fito da su a 2019 sun nuna cewa har ya nemi a kai ta gidan mahaukata, abin bai yiwu ba.

Misali na biyu ya shafe mu kai tsaye. A 1841 Ingila ta aiko da ayarin jiragen ruwa cikin Kogin Kwara, aka kafa gonar gwaji a Lakwaja, zazzaɓi kuma ya kashe Turawa da yawa. Cikin ayarin akwai Samuel Ajayi Crowther da J. F. Schön, wanda ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843. Dickens ya yi sharhi kan wannan tafiya a 1848 cikin izgili, kuma daga nan ya ƙago Misis Jellyby ta Bleak House (1852–1853), matar da ta shagala da shirin noman kofi a gaɓar Kwara, 'ya'yanta suna yawo cikin dauɗa. Ya gwama ta da Jo, yaro mai share titi da ke mutuwa a tsakiyar Landan. Hujjar tana da kyau: na gida ya ƙoshi kafin a ba na dawa. Sai dai mutanen gaɓar kogin ba su da suna ko murya a littafin. Abin dariya ne kawai. Wannan ra'ayi ya fito fili a 1857, lokacin tawayen Indiya, inda ya rubuta wa Angela Burdett-Coutts cewa da shi ne kwamanda da ya shafe al'ummar. Haka kuma ya goyi bayan Gwamna Eyre, wanda ya murƙushe boren Jamaika na 1865 aka kashe mutane fiye da 400, alhali John Stuart Mill yana neman a gurfanar da gwamnan.

Adalci ne a ambaci cewa tun 1847 ya shafe sama da shekara goma yana kula da wani gida da aka buɗe don matan da suka faɗa karuwanci. Alherinsa na gaske ne, iyakarsa ce ba ta wuce irin mutanen da ya sani ba.

5.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, bai kamata malami ya gabatar da Dickens a matsayin waliyyin talakawa ba, haka kuma ba daidai ba ne a yar da littattafansa saboda halinsa. Abin da ya fi amfani shi ne a karantar da Bleak House tare da tarihin ayarin 1841, a kuma jera Oliver da Pip, domin ɗalibi ya ga yadda marubuci ɗaya ya ɓoye rauninsa a littafin farko, ya tone shi a na biyun. Tambayar da za a bar wa ɗalibi ita ce: wa marubucin ya ba murya, wa kuma ya hana? Tambaya ce da ta dace a yi wa marubutanmu na Hausa su ma.