Hoton Makaɗi a Bango: Daga Havana zuwa Mabai

A shekarar 1996 aka tara wasu dattawan makaɗa a Havana, babban birnin Kyuba, suka yi faifan Buena Vista Social Club wanda ya fito a 1997. Kiɗansu na gargajiya ne, wanda ya haɗa jitar Sifaniyawa da gangunan bayin da aka kwasa daga Afirka. Faifan ya zagaye duniya, fim ɗin Wim Wenders na 1999 ya ƙara masa armashi, hoton mawaƙi Ibrahim Ferrer yana tafe a titin Havana ya zama fuskar wannan kiɗa. Sai wata sana'a ta bunƙasa: masu yawon buɗe ido su ɗauki makaɗan bakin titi, a wanke hoton, a sa shi cikin firam, a sayar wa masu ƙawata falo.

Hotunan nan kusan zubinsu ɗaya: dattijo da malafa, jita a cinya, bango mai ɓarewar fenti, tsohuwar motar Amurka a gefe. Suna da kyau, babu musu. Amma mutumin da ke ciki galibi ba shi da suna. An san Ferrer da Compay Segundo da Omara Portuondo, sauran kuwa sun zama "makaɗin Havana" kawai, kuɗin hoton ma ba ya isa aljihunsu.

Mu ma ana yi mana haka. Duk hawan salla a Katsina ko Kano ko Zariya, baƙi kan ɗauki mai kakaki da mai algaita da mai tambari, kumatu a kumbure, rawani na ƙyalli. Ba a tambayar gidan da ya gada, balle taken da yake busawa. Alhali kiɗan Hausa kiran suna ne: makaɗi ya ambaci mutum da ubansa da garinsa. Wanda aikinsa raya sunan wasu, shi ne aka rataye babu nasa.

Akwai kuma namu salon na gida. A shagon tela ko teburin mai shayi za ka ga kalandar Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa mazaunin Funtuwa, wanda ya rasu a 1999, ko ta Ɗanmaraya Jos riƙe da kuntigi. Takardar mai arha ce, wani lokaci babu ko gilashi, sai ƙusa da ƙura. Duk da haka ta fi waɗancan rai, domin mai kallo ya san mutumin, yana ɗaga kai kalangu zai tashi a kunnensa. Hoto bebe ne, sanin mai kallo ke ba shi murya.

Nan ne zancen ya shafi Mabai ta Jihar Katsina da maƙwabtanta a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Tun sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, hoton da duniya ta riƙe na yankin shi ne na tashin hankali. Amma ƙasar manoma ce mai gangar noma a wurin gayya, da kalangun mahauta ranar kasuwa, da garayar mafarauta, da kiɗan ƙwaryar mata a gidan biki. Rashin tsaro yana tarwatsa tarukan da ke ciyar da waɗannan kaɗe-kaɗe, masu yin su kuma suna tsufa.

Matasan yankin da ke riƙe da wayoyi su ya kamata su ɗauki aikin adana waɗannan kaɗe-kaɗe, tun kafin baƙo ya zo. Su nemi izinin makaɗi, su ɗauke shi a bakin aikinsa, su rubuta sunansa da garinsa da wanda ya koya masa da shekarar ɗauka, su naɗi sautin su adana tare da hoton. Idan an wanke an sa a firam, na farko a kai gidansa, in an sayar a ba shi rabonsa. Da haka hoton zai zama shaida ga jikokinsa da ɗaliban tarihi.