Jinjina ga Malaman da ke Ɗaga Kan Yara Sama

Yaron Dutse ya san sararin samaniya tun kafin ya shiga aji. Kaka ta nuna masa Zara kusa da wata, ya ga Kaza da 'Ya'yanta, ya bi manya duban jinjirin watan Ramadan. Malamin kimiyya na ƙwarai daga nan yake kama hannunsa.

Aikin ba sauƙi. Sau da yawa ba madubin hangen nesa, sai alli, tocila da lemon zaƙi. Da su malamin zai nuna yadda wata ke gittawa tsakanin rana da duniya har a yi husufi, irin wanda ya duhunta Gusau da Katsina da hantsi ran 29 ga Maris, 2006. Wannan, gaskiya, ya fi haddar ma'anoni daga allo nesa ba kusa ba.

Ƙofofi kuwa suna nan. An kafa hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, a 1999, ta harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003. Tana da cibiyar horarwa a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, mai alaƙa da Majalisar Ɗinkin Duniya, da wata a Nsukka ta nazarin taurari. Makon Sararin Samaniya na Duniya kuma yana zuwa daga 4 zuwa 10 ga Oktoba.

A gida, Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana karantar da fizis. Ɗalibin da malamin sakandare ya cusa wa sha'awar taurari ba sai ya bar Jigawa ba kafin ya fara digiri.